Farin Ƙarfen da Na Sayo a Jega

Ni mutum ne mai son kowane abu ya bi layinsa. Firamare na gama, na yi kwas na 'yan watanni a kan aikin ɗakin shan magani, aka ba ni farar riga da littafin rajista, aka ajiye ni a wani ƙauye kusa da Aliero, garinmu. A kwas ɗin an koya mana cewa idan mai ciwo ya zo, da farko a tambaye shi, na biyu a duba shi, na uku a gwada, sai a na huɗu a faɗi sunan cuta. Shekara da shekaru ina bin wannan a kan mutanen da ban haɗa komai da su ba. Sau ɗaya na fara daga na huɗu, kuma a kan matata ne. Zan rubuta abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Matata Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Kuberi a ƙasar Maiyama. Ta zo gidanmu da 'yan kunnen azurfa da awarwaron tagulla da uwarta ta ba ta, da kuma sana'ar fura. Muna zaune da mahaifiyata, Inna. Mahaifina ya rasu, yayyena suna can gidajensu suna noman albasa. Kafin azahar ƙoren maƙwabta sun jeru a ƙofar ɗakin matata, don ta iya kirɓi, kuma kindirmonta daga gida ake kawo mata. Muna da 'ya ɗaya, ta fari, tana shan nono, ta fara tafiya tana kama bango.

A shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu Jihar Kebbi, kowane ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka girma ya zo masa. Ni ma haka. Ana ta zancen ƙarin matsayi da sauyin wurin aiki, matan ma'aikata kuma suna haɗuwa a gidajen suna da biki. Wata rana na ga matata ta shirya za ta suna gidan wani abokin aikina, na dubi tagullar hannunta da ta yi duhu, sai na ji kunya ta kama ni. Ran kasuwar Jega na hau mota na je na sayo 'yan kunne farare masu ƙyalli, da awarwaro shida, da sarƙa, da agogo mai madaurin ƙarfe.

Na ajiye mata a kan tabarma na ce, "Cire waɗanga na ruga ki sa waɗanga."

Ta juya su a hannu, ta yi godiya, sannan ta ce, "Malam, na hannun nan na Innata na."

"Na sani. Ki aje su cikin akwati. Ke matar ma'aikacin gwamnati ta yanzu."

Ta cire, ta sa nawa. A wajensu abin da miji ya sa wa mace da hannunsa ba ta tuɓe shi sai ya ce ta tuɓe. Na san da haka.

Bazara ta shigo da zafinta. Matata tana yini tsakanin turmi da murhu da ruwan wanke ƙore, gumi yana bin ta. Bayan kamar mako biyu na lura tana sosa bayan kunne da wuyan hannu. Da na shigo cin abinci ta ce, "Malam, abin ga shina cizona."

Na ce, "Sabo na ba ki yi ba. Kada in ga kin cire."

Wannan ita ce tambayar farko da aka koya mini in yi, ga amsarta an kawo mini har inda nake zaune, na ture. Ƙurajen suka fito ƙanana, suka fashe, suka yi ruwa, suka yi ɓawo. Na kawo mata farin maganin shafawa. Na kawo na ƙazuwa. Na ce rashin tsabta ne, na ƙara mata sabulu mai ƙarfi, yatsunta suka tsattsage. Inda ɓawon ya faɗi sai fata ta bar fari-fari. Fatar kunnuwanta ta kumbura ta yi kauri.

A bangon ɗakin shan maganinmu akwai takarda mai hotunan alamomin kuturta. Kullum ina zaune ina fuskantarta. Wata safiya matata ta durƙusa tana miƙo mini ruwa, hasken rana ya faɗa a kan kunnenta, na ga kaurin, na ga farin tabo a wuyanta da hannunta. Ban karɓi ruwan ba.

Akwai gwajin da ko mai shara a wurin aikinmu ya san shi. A ce wa mutum ya rufe ido, a taɓa tabon da bakin auduga, a ce ya nuna inda ya ji. Tabon kuturta ba ya ji, kuma ba a san shi da ƙaiƙayi ba. Audugar tana cikin kwalba a kan teburina. Ban yi gwajin ba, kuma na daɗe ina binciken kaina a kan dalili. Na farko, na ji ƙyamar taɓa ta. Na biyu, idan ya tabbata dole in rubuta sunanta a rajista da hannuna, masu duba aiki su gani, maganar ƙarin matsayi ta lalace. Na uku ya fi muni: na ɗauka idona ya ƙware har ya wuce auduga.

Na samu Inna a ɗakinta na gaya mata. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ka tabbata?"

"Aikina na, Inna."

"To, kai kas san asibiti."

Da la'asar na kira matata na karanta mata doka kamar yadda nake yi wa marasa lafiya. Ba za ta ƙara yin girki ba. Ta bar fura. Randarta daban, tabarmarta daban. Na sayo mata sabon kwano fari irin wanda ba ya tsatsa, da cokali mai ƙyalli, na ce a cikinsu kaɗai za ta ci. Na ce jikinta yana son gini, don haka kullum wake, da ƙuli-ƙuli, da awarar waken suya da ake ta koya wa mata a lokacin. Inna takan zuba mata kunun tsamiya a kwanon tun safe, ya yini a ciki tana kurɓa. Game da awarwaro kuwa, na ce ta bar su a hannu su rufe tabon, kada baƙi su gani.

Doka ta ƙarshe ita ce ta yarinya. Na ce a yaye ta, ta koma ɗakin Inna.

Lokacin yaye bai yi ba, saura watanni. Amma na san inda zan fake. A al'ada kaka ce ke ɗaukar ɗan fari idan an yaye shi, kuma uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle Bafulatana. Na san ba za ta iya buɗe baki ta ce a bar mata 'yarta ba. Ba ta ce ba. Inna ta kwance yarinyar daga bayanta, ita kuma ta juya ta shiga ɗaki. Kwana uku yarinyar tana kuka tana miƙa hannu wajen labulen. Matata tana zaune a ciki tana saƙar faifai, gaban rigarta a jiƙe. Na gani, na wuce wurin aiki a kan lokaci.

Ban gaya wa kowa a waje ba, amma gidan da aka bar sayar da fura rana ɗaya, aka ware kwano, ba ya bukatar mai shela. Ƙoren maƙwabta suka daina zuwa. Mata suka rage shigowa, mai shigowa kuma ta tsaya daga nesa ta yi gaisuwa. Ciwon bai yi sauƙi ba, har tafin hannunta ya fara fitar da ƙananan bororo. Bayan wata biyu na ce ta tafi gida ta huta. Na raka ta tasha, na sa ta a motar Jega, na gaya wa direba ya nuna mata ta Maiyama. Ban bi ta ba. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Damina ta yi nisa sa'ad da mai duba aikinmu ta zo daga Jega. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita ke riƙe da rajistar masu ciwon fata na yankin, kowa Hajiya yake ce mata. Tana son aikina, takan kira ni Malam Ɗaya-Biyu-Uku saboda yadda nake jera komai. Ta duba kwalabe, ta duba littafi, ta yaba. Sannan ta rufe ƙofa ta zauna a kujerata.

"Malam Ɗaya-Biyu-Uku, tun tasha nij ji labari. An ce matarka na da babban ciwo. Ina sunanta cikin littafin ga?"

Na ce ina jiran in ƙara tabbatarwa.

"Ka gwada ta?"

"Na duba ta, Hajiya."

"Ban ce ka duba ba. Ka gwada?" Ta ɗaga kwalbar audugar ta girgiza. "Ko audugar ma Sakkwatawa sun riƙe ba su ba mu kasonmu ba?"

Ta ce idan kuturta ce, na yi wata huɗu ina hana matata maganin da ke warkar da ita. Idan ba ita ba ce, to Allah kaɗai ya san abin da na yi. Ta ce a kawo mata ita Jega ranar Litinin, ni ma in zo.

Na aika Kuberi. Surukina da kansa ya kawo ta, dattijo dogo marar yawan magana. Na gaishe shi a ƙofar asibiti, ya amsa yana kallon wani wuri. Da matata ta sauke mayafi a gaban Hajiya, sai na ga kunnuwanta sun saɓe, hannuwanta sun bushe, tabon ya fara komawa kalar jikinta. Babu ƙarfe ko ɗaya a jikinta.

Hajiya ta ce, "Wane magani anka ba ki, ɗiyata?"

"Ba a ba ni ba. Randa nit tahi Innata ta ga awarwaron sun shige cikin gyambon, tac cire su duka, tash shafa min man shanu."

Hajiya ta ciro auduga ta murza bakinta, ta miƙo mini. "Zo ka yi aikinka."

Matata ta rufe ido. Na taɓa wuyan hannunta. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Nan." Na taɓa wuyanta. "Nan." Na taɓa kunne, na taɓa tsakiyar tabon da ya fi kowane fari. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Duka gwajin bai kai tsawon alwala ba.

Hajiya ta tambaye ta ko yana ƙaiƙayi, ta ce kamar an zuba barkono. Ta tambaye ta inda ya fara, ta nuna, kuma duk inda ta nuna wurin da ƙarfena yake kwanciya ne. Ta tambaye ta ko ta gaya wa wani. Matata ta dubi ƙasa. Hajiya ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Kayan suna ƙulle a bakin zanenta, don ba ta yar da su ba. Hajiya ta ɗauki ɗan kunne guda ta manna shi a damtsenta da filasta, ta ce su kwana biyu wurin 'yan'uwa a Jega su dawo. Ranar Laraba aka ɗaye filastar. Wurin ya yi ja, ya tashi, da ƙananan ƙuraje, siffar ɗan kunnen ta fito a fatar kamar an buga hatimi.

Sai Hajiya ta ce in fito da littafina in rubuta, tun da ina son rubutu. Na rubuta, kuma takardar tana nan.

Sunan abin nikel. Ƙarfe ne da ake haɗawa cikin fararen kayan ado masu araha, da madaurin agogo, da maɓalli, da wasu cokula da kwanoni. Amma ba a kasuwa kaɗai yake ba. Yana cikin ƙasa, tsiro yana jan sa, don haka yana cikin abincinmu, ya fi yawa a wake da gyaɗa da waken suya, akwai shi kuma a hatsi. Kowa yana cin sa kullum, ɗan mitsitsin da ido ba ya gani. Mafi yawansa yana wucewa ta bayan gida, abin da ya shiga jini kuma fitsari ya fitar. Ta ce wasu tsirrai suna bukatarsa, amma ga ɗan Adam masana ba su gama yarda ko jiki yana bukatarsa ba. In ma yana bukata, abincin yau da kullum ya wadatar, ita ba ta taɓa ganin wanda rashinsa ya kwantar ba. Matsalar tana ga fata. Akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da shi, an fi gani ga mata saboda hujin kunne. Gumi yana narkar da shi daga jikin ƙarfen ya shiga fata, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan. Ba a ɗaukarsa daga wani. Uwa ba ta sa wa ɗanta ta hanyar goyo ko shayarwa.

A nan alƙalamina ya tsaya. Ta ce in ci gaba.

Ta tambayi abin da nake ba matata ta ci, na lissafa. Ta riƙe haɓa. Ta ce ga wasu masu wannan lalura, ba duka ba, yawan cin irin waɗannan yakan ƙara tayar da ƙurajen hannu, kuma abu mai tsami idan ya daɗe cikin sabon kwanon ƙarfe yakan jawo nikel daga jikinsa.

"Ban ce wake guba na ba, kada ka tahi gida ka kafa wata dokar. Ta ci abincinta awa kowa, in ta ga wani abu na tada mata, ta rage. Ƙarfen dai shi bar jikinta. Kai kuwa, Malam, ka sa mata shi ga kunne, ka sa mata ga hannu, ka ba ta ga kwano. Saura ka yi mata allura tai."

Surukina yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ce wa 'yarsa su tafi. Ni kuma ya ce mini, "In kana biɗar matarka, ka san hanyar Kuberi."

Na je biko bayan kwana huɗu, da goro da yayana babba. Na shirya jawabina kashi uku. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin bishiya, dattawan rugar suka zauna, mata suna leƙe daga bayan bukkoki. Ina fara magana surukina ya ɗaga hannu. Ya kira 'yarsa. Ta fito da ƙwarya da nono da curin fura, ta durƙusa a gabanmu, ta wanke hannu, ta ajiye ludayi gefe, ta dama furar da yatsunta. Ta kurɓa, ta turo mini ƙwaryar.

Duk wanda ya san Fulani ya san suruki ba ya cin abinci a gaban iyayen matarsa. Ko ruwa ba ya sha. Shekara uku da aurenmu ban taɓa tauna goro a gabansu ba.

Mahaifinta ya ce, "Labarin ciwon ɗiyata ya riga ta isowa nan. Ƙannenta mata biyu na nan ba su yi aure ba. Jawabinka ba shi kai inda labarin yak kai. Sha, mutane su gani."

Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu na sha. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Na sha har na ga gindinta, nono yana bin gemuna, yayana ya sunkuyar da kai. Surukina ya ce ta shiga ta ɗauko kayanta.

Mun iso Aliero da la'asar. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, yarinyar tana zaune a jikinta. Ta yi wayo, tana gudu, ta fara haɗa kalmomi. Matata ta durƙusa ta gaida Inna. Ba ta dubi yarinyar kai tsaye ba, amma ta ɗan buɗe tafin hannunta a kan gwiwa. Yarinyar ta kalle ta, ta kalli hannun, ta zagaya bayan Inna ta ƙanƙame ta tana kuka.

Inna ta ce, "Ke, uwarki ta! Tahi mana."

Matata ta ce, "Bar ta, Inna. Ba ta san ni ba."

Na zauna na gaya wa Inna komai daga farko, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni abin da kac ce shi nib bi." Ta tashi ta ɗauko tukunya ta ajiye a gaban matata, ta ce tuwon yau nata ne.

Da safe na bi gidajen maƙwabta ina bayani. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai dole malamin asibiti ya rufa wa gidansa asiri. Matata ta koma sana'ar fura, masu saye suka dawo, amma ba duka ba.

Na ce wa Inna a mayar da yarinyar ɗakin uwarta. Aka gwada sau biyu, tana ihu har ta shiɗe. A na uku matata da kanta ta ɗauke ta ta kai ƙofar Inna ta ajiye, ta ce an riga an yaye ta, kuma 'yar fari ta kaka ce, kada a ƙara wahalar da ita. A ɗakin Inna ta girma har Inna ta rasu. Mun samu wasu 'ya'ya biyar bayanta, kowanne uwarsa ta shayar da shi har lokacinsa ya cika, ban sa baki a yayen ko ɗaya ba. Ta farin kuwa, yau tana da nata 'ya'yan, tana girmama uwarta, tana yi mata aike, amma idan ta zo gida gaisuwar baƙuwa suke yi, su gama cikin ɗan lokaci, kowace ta rasa abin da za ta ƙara.